Tambayoyi da amsoshi: tafiya da motar kwana a gaɓar tekun Oregon, daga zango zuwa zango

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu shirin ɗaukar motar kwana su bi gaɓar Tekun Pasifik a jihar Oregon ta Amurka, suna yada zango dare bayan dare, suna kallon abin da ke hanya. Da mil da ƙafa da galan ake awo a can, su ne kuma za ku gani a allunan hanya, shi ya sa muka bar su, muka haɗa da kilomita da mita da lita inda ya kamata.

1. Mece ce motar kwana, kuma iri nawa ce?

Motar kwana, wadda Amurkawa ke kira RV, mota ce da aka gina wa ɗaki a jiki: gado, murhun gas, firji, wurin wanke-wanke, ban-ɗaki da tankunan ruwa. Masu injin kansu iri uku ne. Class A kamar motar safa take, tsawonta daga ƙafa 26 har 45. Class B ƙaramar bas ce da aka gyara cikinta, ƙafa 17 zuwa 23. Class C ita ce ta tsakiya, mai gado a saman kan direba, yawanci ƙafa 20 zuwa 32, kuma ita kamfanonin haya suka fi bayarwa. Akwai kuma tirela, wato ɗakin da ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan a-kori-kura an ja.

2. Wace girma ta dace da wannan hanya?

Shawararmu ita ce kada ta wuce ƙafa 25, wato kusan mita bakwai da rabi, in dai za ta ɗauki iyalin. Mutane kan ga babba su yi sha'awa saboda falo da faɗin gado, sai an hau hanya a gane cewa yawancin wuraren tsayawa kallo a bakin teku ƙanana ne, kuma da yawa daga zangunan gwamnati an gina su ne tun kafin a fara yin manyan motocin nan. Da mota mai ƙafa 24 za ku shiga garuruwa ku yi fakin a wurin motoci biyu, ku sami gurbi a kusan kowane zango. Da mai ƙafa 35 kuwa, guraben da za su ɗauke ku sun ragu sosai, wasu wuraren kallon kuma sai dai ku hange su ta taga.

Mata da miji kaɗai, Class B ta ishe su. Iyali mai mutum huɗu ko biyar, Class C. Ku ƙirga bel ɗin kujera kafin ku ƙirga gadaje, don kowa sai ya zauna ya ɗaura bel muddin mota na tafiya, kuma idan da ƙaramin yaro ku tambayi kamfanin wace kujera ce za a iya ɗaura wa kujerar yara.

3. Sai da lasisi na musamman? Kuma me ake biya a haya?

Lasisin ƙaramar mota ya isa ga irin waɗanda ake bayarwa haya. Mai lasisin wata ƙasa ya haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya kuma tambayi kamfanin a rubuce ko sun karɓa kafin ya biya. Da yawa suna son direba ya kai shekara 25, wasu na karɓar 21. Tuƙin hannun dama ake yi, kamar a Najeriya da Nijar da Ghana, don haka wannan ba zai ba ku wahala ba.

Akwai kamfanoni masu motocin kansu irin su Cruise America, akwai kuma shafukan da masu mota ke ba da tasu haya, irin su Outdoorsy da RVshare. Kuɗin da aka rubuta na kwana ɗaya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. A kansa ake ɗora kuɗin kowane mil ko na abin da ya haura adadin da aka yanka muku, kuɗin awannin da janareta ya yi, inshora, kayan kicin da na shimfiɗa in ba ku zo da naku ba, da kuɗin ajiya da ake riƙewa a katinku sai kun dawo da mota lafiya. Sai mai. Class C na cin galan ɗaya a mil 8 zuwa 10, wato lita ɗaya a kilomita uku da rabi zuwa huɗu. Gaɓar kaɗai za ta sha kusan galan 40, lita 150 ke nan, ban da zuwa da dawowa.

4. Wace hanya ce, kuma kwana nawa za ta ci?

Babbar hanya mai lamba 101 ce. A cikin Oregon tsawonta mil 363 ne, kusan kilomita 584, daga gadar kogin Columbia da ke Astoria zuwa iyakar Kalifoniya a kudu da Brookings. Yawanci a Portland ake karɓar mota, daga nan zuwa Astoria kusan mil 95 ta hanya mai lamba 30.

A taswira za ku ga kamar tafiyar wuni guda ce. Kada ku yarda. Hanyar layi ɗaya ce zuwa, ɗaya dawowa a mafi yawan wurare, tana ratsa tsakiyar garuruwa, tana hawa duwatsu tana sauka. A motar kwana ku lissafa mil 35 zuwa 40 a awa. Kwana bakwai shi ne mafi ƙaranci, goma ya fi daɗi. Tsarin da ke aiki shi ne tuƙin mil 50 zuwa 80 a ranar tashi, a isa zango da sauran rana, a yi kwana biyu a wurin da ya yi muku. Tattara kaya da sake kafawa na cin kusan awa ɗaya kowane tashi, don haka mai sauya zango kullum wahala zai sha, ba kallo ba.

5. Daga arewa za mu faro ko daga kudu?

Daga arewa zuwa kudu. Teku zai kasance a damarku, wuraren tsayawa kallo ma haka, sai ku ratse ku shiga ba tare da kun tsallaka layin masu tahowa da doguwar mota ba. A lokacin zafi kuma iska daga arewa take busowa, ga ta a bayanku. Maganar hanyar dawowa tana tambaya ta 18.

6. Wane lokaci ne ya fi?

Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sama ya fi ɗaukewa, amma Yuli da Agusta ne lokacin hutun makaranta, ko'ina cike. Mu Satumba muka fi so: jama'a sun ragu, hazo ya ragu, iska ta lafa. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, da guguwa daga kudu maso yamma, kuma a lokacin ne zaftarewar ƙasa ke toshe hanyar 101, musamman tsakanin Port Orford da Brookings. Shafin TripCheck na hukumar sufurin jihar yana nuna halin da hanya ke ciki, ku duba shi kowace safiya.

Ko a tsakiyar lokacin zafinsu, bakin tekun nan sanyi ne ga mutumin Kano ko Maraɗi. Da rana maki 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyos, da dare ya sauka wajen 10, ga iska. Ku tanadi rigar sanyi, rigar ruwa, hula da bargo, kamar dai shirin tsakiyar hunturu.

7. Yaya ake kama wuri, kuma tun yaushe?

Zangunan hukumar gandun daji ta jiha ana kama su ta intanet tun saura wata shida, kuma guraben ƙarshen mako na Yuli da Agusta kan ƙare cikin kwanakin farko da buɗewa. Na gwamnatin tarayya, kamar Tillicum Beach da Cape Perpetua da ke dajin Siuslaw, a shafin Recreation.gov ake kama su. Kowane gurbi an rubuta tsawonsa. Ku auna da tsawon motarku har da abin da aka ɗaura a baya, kada ku kama gurbin ƙafa 24 da mota mai ƙafa 27 kuna cewa a yi haƙuri, don wutsiyar mota ba ta halatta ta fito kan titi ba.

A zangunan jiha ƙarfe 4 na yamma ake shiga, ƙarfe 1 na rana ake fita, ba a wuce kwana 14 a jere, kuma wanda ba mazaunin Oregon ba yana biyan ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Idan kun makara, ku nemi Lahadi zuwa Alhamis, ku riƙa leƙa shafin don mutane na soke nasu, ko ku nemi zangunan 'yan kasuwa, waɗanda suka fi tsada kuma motoci ke manne da juna, amma da injin wanki.

8. Waɗanne zanguna ne suka dace a jera?

A arewa, Fort Stevens kusa da Astoria, babban zango mai ɗaruruwan gurabe, inda ƙarafunan jirgin ruwan Peter Iredale da ya kafe a 1906 ke tsaye cikin yashi har yau. Sai Nehalem Bay, wanda ke kan siririn tudun yashi tsakanin teku da bakin kogi, ko Cape Lookout a yamma da Tillamook. A tsakiya, Newport na da biyu: Beverly Beach a arewa, inda ake bi ta ƙarƙashin gadar titi a fita bakin ruwa, da South Beach a kudu da gadar Yaquina. Daga nan Honeyman a kudu da Florence, a gindin tuddan yashi.

Kudu ta fi shiru, mu kuma ita ta fi kwanta mana. Sunset Bay kusa da Coos Bay, Bullards Beach a Bandon, Cape Blanco, Humbug Mountain, sai Harris Beach a Brookings. Cape Blanco na da kyau ƙwarai amma wurin iska ne, ku karanta tambaya ta 16 kafin ku buɗe rumfar jikin mota a can. Tafiyar kwana takwas za ta iya zama haka: Fort Stevens biyu, Nehalem Bay ɗaya, South Beach biyu, Sunset Bay ɗaya, Harris Beach biyu, sai dai a wannan tsarin tuƙin wasu ranakun zai haura mil 80. Abin lura: yawancin guraben nan a bayan tudu ko cikin itatuwa suke, za ku ji rugugin teku amma ba za ku gan shi daga taga ba sai kun taka.

9. Ba za mu iya tsayawa a gefen hanya mu kwana ba?

A wuraren shaƙatawar rana na jiha an hana kwana, garuruwan gaɓar da yawa kuma sun hana barci cikin mota a titi, ana kuma cin tara. Bakin tekun kansa na jama'a ne kaf, tun dokar 1967 ta zamanin gwamna Tom McCall, kowa na iya takawa ko'ina. Amma 'yancin takawa daban, izinin kwana daban.

10. Idan mun isa zango, me za mu fara yi?

Da farko ku san irin gurbin da kuka kama. Akwai mai wuta da ruwa da ramin zubar da ƙazanta, akwai mai wuta da ruwa kawai, akwai wanda ba shi da komai. Kafin ku shiga, ku sauka ku zaga gurbin da ƙafa, ku ga inda sandar wuta da famfo suke, ku ɗaga kai ku duba rassa. Da baya ake shiga mafi yawansu. Mutum ɗaya ya tsaya a baya ta gefen direba inda za a gan shi a madubi, da sharaɗi guda: direba ya daina ganinsa, ya taka birki.

Sai daidaita mota. A ɗora ma'aunin magina a ƙasan ɗakin, a sa katako ko tubalan roba a ƙarƙashin tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa, a hau a hankali, a ja birkin hannu. Wannan ba don daɗin barci kaɗai ba ne. Firjin da ke aiki da gas yana sanyaya ne ta hanyar ruwan sinadari da ke gangarawa cikin bututu, idan mota ta karkace sai ya taru wuri ɗaya, bututun ya yi zafi, a hankali firjin ya mutu. Bayan nan wuta: a kashe makunnin sandar, a soka fulogi, sannan a kunna. Sai ruwa: a ɗaura na'urar rage ƙarfin ruwa a bakin famfo, wadda ke tsayar da shi a 40 zuwa 50 a ma'aunin psi, a haɗa farar tiyo ta ruwan sha. Ba tare da wannan na'ura ba, famfo mai ƙarfi na iya fasa mahaɗin bututun roba a bayan kabad, ba za ku sani ba sai kun taka ruwa. Idan motar na da ɓangaren da ke turowa waje, shi ne na ƙarshe, bayan an tabbata ba zai daki bishiya ko sandar wuta ba.

11. Me ya sa wuta ke ta yankewa?

Kun ɗora mata fiye da ƙarfinta. Yawancin Class C na haya amfiya 30 suke ja a kan bolt 120, wat 3,600 ke nan gaba ɗaya. Manyan motoci masu amfiya 50 na kaiwa wat 12,000. Hita mai wat 1,500 na cin amfiya 12 da rabi, na'urar ɗumama abinci kusan haka, tukunyar ruwan wanka in an sa ta a lantarki ita ma sama da 10. Kun kunna uku tare, makunni ya faɗi. A kashe ɗaya, a je sandar waje ko akwatin makunnan cikin mota a mayar. Mayar da tukunyar ruwan zafi kan gas yana rage matsalar sosai.

A gurbin da babu wuta, batirin ɗaki ne ke riƙe fitilu, famfo da fankar hitar gas, soket-soket kuma ba sa aiki sai da janareta. Fankar hita ita ce ke cinye batiri, tana iya ƙarar da guda ɗaya a dare ɗaya. Daga 10 na dare zuwa 7 na safe lokacin shiru ne a zangunan jiha, ba a kunna janareta. Kayan wuta da kuka zo da su daga gida na bolt 230 ne, ku duba jikinsu: cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna karɓar duka biyu, bakin fulogi kawai za a sauya, amma dutsen guga da butar lantarki ba za su yi abin kirki ba.

12. Yaya ake yi da tankunan ruwa da ban-ɗaki?

Tanki uku ne: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. A Class C kowanne na ɗaukar wajen galan 25 zuwa 40. Iyali huɗu kan cika na wanka cikin kwana biyu, shi ya sa ya fi a yi wanka a ban-ɗakunan zangon, waɗanda ke da ruwan zafi.

Zubarwa a ramin da aka tanada kaɗai ake yi. A sa safar hannu, a fara cusa bakin babbar tiyo a ramin a danne shi, sannan a murɗa ɗaya bakin a jikin mota har ya kama. A ja hannun tankin masai tukuna, ya gama tsiyayewa, a rufe. Sannan a ja na ruwan wanka, don ruwan sabulun ya wanke tiyon. A ɗauraye, a ajiye ta a akwatinta, kada ta taɓa haɗuwa da farar tiyo. A ƙarshe a zuba galan biyu ko uku na ruwa a masai tare da maganin tanki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin tankin masai a buɗe don an sami gurbi mai rami. Ruwan sai ya tsiyaye, mai kaurin ya zauna ya bushe ya yi tudu a ƙarƙashin bututu, ya toshe. A bar shi a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku, nauyin ruwan ne ke tura komai waje. Masu tsarki da buta sun huta da rabin wannan matsala, don tankin ruwa yake so ba takarda ba, sai dai zai fi saurin cika. Ma'aunin da ke nuna cikar tankin kan yi ƙarya idan takarda ta manne masa, don haka ku riƙa ƙirga kwanaki.

13. Tuƙin fa, ina wahalarsa take?

Ku rubuta tsayin motar da faɗinta a takarda ku manna kusa da sitiyari. Class C kan kai ƙafa 11 zuwa 12 da na'urar sanyin da ke kanta, rumfar gidan mai ko ta wurin sayar da abinci na iya kwashe ta, kuma inshorar haya sau da yawa ba ta biyan ɓarnar rufi. A kwana, ku wuce gaba kaɗan kafin ku karya sitiyari, ku tuna wutsiyar mota na fita ta ɗaya ɓangaren. A nan ake goge famfon mai da motar maƙwabci.

A gangara, kamar saukowa daga dutsen Neahkahnie ko Cape Sebastian, a saukar da giya tun daga sama. A taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙu a saki, kada a ɗora ƙafa a kai har ƙasa, don birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Idan motoci sun taru a bayanku, ku ratse a wurin da aka tanada su wuce. Akwai masu keke da yawa a hanyar nan. A bakin ramukan dutse na Arch Cape da Cape Creek akwai fitila da mai keke ke kunnawa, idan tana walƙiya akwai mutum a ciki, a rage gudu sosai. A dogayen gadoji kuma a riƙe sitiyari da hannu biyu saboda iska. Kafin kowane tashi, a zaga mota sau ɗaya: fulogi, tiyo, rumfa, matakala, tagar rufi, ƙofar firji.

14. Me ya kamata mu tsaya mu gani, kuma ina ne motar ba za ta shiga ba?

A Astoria akwai gadar da ta haɗa Oregon da jihar Washington, mil huɗu da ɗoriya, an buɗe ta a 1966, da Fort Clatsop inda ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka yi hunturun 1805 zuwa 1806. A Cannon Beach dutsen Haystack ne, mai tsayin ƙafa 235, wanda ake takawa har gindinsa idan teku ya janye. Garin na da wurin fakin na manyan motoci, ku nufe shi da sassafe. Hanyar Ecola da ke kusa siririya ce mai murɗe-murɗe, ba ta doguwar mota ba ce. Masana'antar cuku ta Tillamook na da fili mai faɗi, yara kuma na son kallon aikin ta gilashi.

A Depoe Bay ake kallon manyan kifayen whale. Suna wucewa kudu daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, su dawo arewa daga ƙarshen Maris, wasu kuma na zama nan duk lokacin zafi. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Yaquina Head, ta 1873, ita ce mafi tsawo a jihar, ƙafa 93. Tsakanin Yachats da Florence ne hanya ta fi kyau ta kuma fi matsi: ga Cape Perpetua, ga Thor's Well, wani rami a dutse da igiyar ruwa ke cikawa ta tumbatso sannan ta zuƙe kamar an zare toshiya, ga hasumiyar Heceta Head ta 1894. Daga Florence zuwa Coos Bay tuddan yashi ne na kusan mil 40, wanda ya san arewacin Damagaram zai ga abin da ya saba gani, sai dai nan da itatuwa da tafkuna a tsakani. A can kudu, mil 12 na yankin shaƙatawar Samuel H. Boardman kafin Brookings su ne ƙarshen kallo, wuraren tsayawarsu kuma ƙanana ne, a nan za ku gode wa shawarar tambaya ta 2.

15. Teku na da haɗari ga wanda bai shiga ruwa ba?

Ƙwarai kuwa. Akwai igiyar da ke zuwa ba zato bayan ruwa ya daɗe a kwance, ta haura nesa da inda sauran suka tsaya, ta cika tufafi da yashi ta ja mutum. Kada ku juya wa teku baya, kada ku saki hannun yaro. Kada a hau gungumen da ruwa ya kawo, don ruwa kaɗan ya isa ya mirgina shi a kan mutum. Ruwan na da sanyin maki 10 zuwa 13 ko a Agusta, yana kashe gaɓoɓi cikin mintuna. Teku na cika ya janye sau biyu a rana, lokacin kuma na matsawa da kusan minti 50 kullum. Ku karɓi jadawalinsa a ofishin zango kafin ku zaga bayan wani dutse, kada ruwa ya rufe muku hanyar dawowa.

Gaɓar nan kuma tana fuskantar tsagin Cascadia, wata tsagar ƙasa a ƙarƙashin teku, wanda ya yi babbar girgizar ƙasa a Janairun 1700. Za ku ga shuɗɗan alluna na hanyar gudun tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, ko'ina. Ranar da kuka sauka a zango ku bi allon da ƙafa ku ga inda ya kai. Idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, kada ku jira sanarwa, kada ku tsaya kwance tiyo. Ku bar motar ku hau tudu da ƙafa, don ruwan na iya isowa cikin minti 15 zuwa 20.

16. Me ya sa tagogi ke zubar da ruwa da safe, kuma yaushe ake naɗe rumfa?

Numfashin mutane da tururin girki ne ke haɗuwa da gilashi mai sanyi. A bar tagar rufi a ɗan buɗe ko ana sanyi, a kunna fanka lokacin girki, a shanya jiƙaƙƙun kaya a waje, a ɗaga katifa ta sha iska, in ba haka ba ƙarƙashinta zai yi fumfuna. Rumfa kuwa a naɗe ta duk lokacin da za a bar zango ko za a kwanta. Iskar la'asar a gaɓar nan na iya ɗaga ta ta kifa kan rufi ta karya ƙarafunan.

Kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, kada a shigo da gawayi. Hayaƙin da ba ya wari shi ne ke kashe mutane cikin barci. Ku gwada na'urorin gargaɗin hayaƙi da na gas tun ranar karɓar mota.

17. Abincin halal da salla fa?

Ku yi guzurin nama a Portland, inda ake da shagunan halal da masallatai, don garuruwan gaɓar ƙanana ne. A kunna firji tun awanni kafin a loda shi, yana daɗewa bai yi sanyi ba. Kilishi da dambun nama daga gida ba sa wuce kwastan na Amurka, kuma duk abincin da kuka shigo da shi ku bayyana. A hanya kifi ne abin dogaro, ana samunsa sabo a tashoshin jiragen Newport da Charleston. Ku yi tambaya a gidan abinci, don miyar kumbar teku da suka shahara da ita yawanci da naman alade a ciki, ƙullun da ake soya kifi da shi kuma sau da yawa da barasa ake kwaɓa shi. Suya da manja a cikin mota na tayar da na'urar hayaƙi, ya fi a yi a teburin waje, kuma kada a zuba mai a wurin wanke-wanke, yana daskarewa a tanki.

Alƙibla a Oregon ba gabas take ba. Arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas, wajen digiri 16 a bakin tekun. Ƙarafunan mota na rikita kamfas ɗin waya, a fita waje a duba. A Yuni rana na faɗuwa wajen 9 na dare, asuba kuma na yi da wuri ƙwarai. Mai son Juma'a zai sami masallaci a Corvallis, kusan mil 50 daga Newport, ko a Eugene, kusan mil 60 daga Florence.

18. Ta ina za mu dawo, kuma yaya ake mayar da motar?

Daga Brookings za ku iya zarcewa kusan mil 26 zuwa Crescent City a Kalifoniya ku ga dogayen itatuwan redwood, sannan ku bi hanya mai lamba 199 zuwa Grants Pass ku hau babbar hanyar I-5 zuwa Portland. A iyakar akwai shingen duba 'ya'yan itatuwa da itacen wuta. Hanyar 199 na da murɗe-murɗe a gefen kogin Smith, a bi ta da rana, kuma kada a shiga Howland Hill Road, hanyar cikin dajin redwood, da motar kwana. Wanda bai son wannan ya koma arewa zuwa Reedsport ya bi hanya mai lamba 38 ta gefen kogin Umpqua, ta fi sauƙi.

Daren ƙarshe ku kwana kusa da Portland, don da safe ake karɓar mota. A zubar da tankuna biyun kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 12, a cika mai zuwa inda aka same shi, a duba abin da yarjejeniya ta ce game da gas, a share yashi. Ku ɗauki hoton kowane gefe, da rufi, da ma'aunin mil da na awannin janareta, ku haɗa da waɗanda kuka ɗauka ranar karɓa, ku riƙe su har kuɗin ajiyarku ya dawo.